Ladi Kwali: Maginiyar tukwanen da ke bayan 'yar Murtala

Daga Kantin Kwari a Kano har zuwa Magama da ke bakin iyakar Jibiya, inda direbobi da 'yan canji da masu dakon kaya ke hada-hada tsakanin Katsina da Maraɗi, da wuya a samu mutumin da takardar Naira 20 ba ta taɓa ratsa hannunsa ba. Kowa ya san wanda ke gabanta, domin tun da aka fara buga ta a 1977 jama'a suke kiranta 'yar Murtala. Amma idan aka juya bayanta aka nemi sunan matar da ta duƙufa a kan tukunya, kaɗan ne za su iya ba da amsa.

Wannan mata ita ce Dokta Hadiza Ladi Kwali, maginiyar tukwane daga ƙasar Gwari, wadda Babban Bankin Najeriya ya sanya hotonta a takardar a shekarar 2007. Ita ce mace ɗaya tilo da aka buga hotonta tare da sunanta a kuɗin ƙasar nan. Ba ta yi karatun boko ba, ba ta riƙe sarauta ko muƙamin gwamnati ba, amma tukwanen da ta gina suna ajiye a manyan gidajen tarihi na Landan da Washinton, kuma masana harkar yumɓu a duniya suna lissafa ta cikin gwanayen ƙarni na 20.

Tarihinta labari ne na haɗuwar ilimi biyu: wanda ta gada a tsakar gida, da wanda wani Bature ya ɗauko daga Ingila. Yadda ta zaɓi abin da za ta karɓa da abin da za ta riƙe shi ne ya ɗaga ta sama da sauran abokan sana'arta, kuma shi ne darasin da ta bar wa masu sana'ar hannu.

Haihuwa da tasowa

An haifi Ladi a wajajen shekarar 1925 a garin Kwali, wanda a yau yake ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya. Mutanen yankin su ne Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, manoma ne da suka shahara da doya da dawa, kuma an san matansu da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. Sunanta ma kaɗai ya isa shaida a kan daɗaɗɗiyar cuɗanya tsakanin mutanenta da Hausawa, domin Ladi suna ne da ake raɗa wa 'ya macen da aka haifa ranar Lahadi.

Yankin da ta fito tsohon gidan yumɓu ne. Ba shi da nisa da ƙasar Nok ta kudancin Kaduna, inda aka tono mutum-mutumin gasasshen yumɓu da suka haura shekara 2,000. A ƙasar Gwari ginin tukwane sana'ar mata ce, uwa na koya wa 'ya, gwaggo na koya wa 'yar ɗan uwanta. Ladi ta koya ne a hannun gwaggonta tun tana ƙaramar yarinya, ta fara da abin da kowace almajira ke farawa da shi: haƙo yumɓu, da tsince tsakuwa daga cikinsa, da kwaɓawa, da tara ciyawar gashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannun Ladi ya tanƙwaru da wuri.

A wancan zamani tukunyar ƙasa ita ce jigon gida. A randa ake ajiye ruwan sha, da tulu ake ɗebo shi daga rafi, a tukunya ake tuƙa tuwo da dafa miya, a kasko ake suya. Maginiya ba ta gina abin kallo, tana gina abin da za a ɗora a murhu gobe da safe. Mai saye kuwa yakan ƙwanƙwasa tukunya da yatsa ya saurari amonta kafin ya biya, saboda haka babu inda ha'inci zai ɓuya. A wannan makaranta mai tsanani Ladi ta goge, har ta kai ana yin rububin tukwanenta a kasuwannin yankin.

Yadda matan Gwari ke gini

Domin a fahimci gwanintar Ladi, sai an san yadda ake ginin. A wurare da yawa na ƙasar Hausa magini yakan kifa tsohuwar tukunya ya shimfiɗa yumɓu a bayanta domin ya fitar da gindin sabuwa, ko kuma ya riƙa bubbuga yumɓun a cikin ɗan rami har ya yi zurfi. Matan Gwari ba haka suke yi ba. Maginiya takan ɗora curin yumɓu a kan wani abin da zai tallafe shi, ta nutsa dunƙulen hannunta a tsakiya, sannan ta riƙa jan bangon sama da yatsunta. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, maginiyar ce ke zagaya ta a sunkuye, taku bayan taku. Idan yumɓun ya ƙare sai ta murza wani kamar igiya ta ɗora a baki, ta shafe, ta ci gaba, tana daidaita jikin da ɗan faffaɗan katako har ciki ya buɗe, kafaɗa ta rufe, wuya ya tashi.

Babu ma'auni a wannan aiki sai ido da tafin hannu. Duk da haka randunan Ladi sukan fito a zagaye daidai wa daida, kai ka ce a inji aka juya su.

Daga nan sai ado. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane, kuma a wurin maginiya wannan magana ba karin magana ba ce kawai, ƙa'idar aiki ce: idan yumɓu ya bushe, zane ba ya shiga. Ladi takan raba jikin randa gida-gida da layuka, ta mirgina murɗaɗɗen zare ko ɗan sassaƙaƙƙen itace domin ya bar sawu, sannan ta ɗauki siririyar wuƙa ta zana halittun da ta tashi tana gani a dajin Kwali: kunama, ƙadangare, hawainiya, kada, maciji, kifi da tsuntsu. Ba ta kwaikwayon surarsu yadda take a ido. Takan shimfiɗa su a jikin randar, ta cike cikinsu da ƙananan layuka masu giciye, har dabba da zanen da ke kewaye da ita su zama abu guda.

Gashi kuwa a fili ake yin sa. A jera tukwane, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Zafin irin wannan wuta bai cika wuce digiri 800 a ma'aunin Salshiyas ba, kuma cikin ɗan lokaci ake gamawa. A wurare da dama akan yayyafa wa tukunyar ruwan makuba tun tana da zafi, domin ta yi duhu ta ƙara ƙarfi.

Sarkin Abuja da Baturen tukwane

Abujar da ake magana a nan ita ce tsohuwar, wadda a yau ake kira Suleja, a kusa da Dutsen Zuma. Sarakunan Zazzau na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya, kuma ta samo sunanta daga Abu Ja, wanda ya kafa garin a 1828. Sarkinta a zamanin Ladi shi ne Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979, mutum mai ilimin zamani da son kayan al'ada. Ya ga tukwanen Ladi, ya gane cewa sun fita daban, ya tara da dama daga cikinsu a gidansa.

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature mai suna Michael Cardew a matsayin jami'in kula da harkar tukwane a Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu. An haifi Cardew a 1901, ya yi karatu a Jami'ar Oxford, amma ya bar hanyar aikin ofis ya koma ga yumɓu. Shi ne almajirin farko na Bernard Leach, wanda ya koyo sana'ar a Japan, ya dawo ya kafa wurin aiki a garin St Ives na Ingila a 1920 tare da abokinsa Shoji Hamada. Aƙidar wannan gida ita ce kayan amfanin yau da kullum da aka yi da hannu sun fi na masana'anta daraja, kuma kyan abu yana tare da amfaninsa. Kafin zuwansa Najeriya, Cardew ya yi shekaru yana gwagwarmaya da tanderu a ƙasar Gana, a Alajo da kuma Vume a bakin Kogin Volta, inda ya sha wahala ya kuma ƙaru da sanin yumɓun Afirka ta Yamma.

Aikinsa na farko shi ne zagaya ƙasa domin ya ga yadda ake gini. Abin da ya gani ya sauya masa tunani. Ya fahimci cewa tukunyar gargajiya ta dace da aikinta ƙwarai: tana jure wutar murhu ba ta fashe ba, tana sanyaya ruwa, ga araha. Saboda haka ya ba da shawarar kada a taɓa ta. Abin da ya ga ya kamata shi ne a kafa wata sabuwar sana'a a gefenta, ta yin tangaran, wato kofuna da farantai da butocin shayi masu ƙyalli, domin ma'aikata da 'yan kasuwar da ke tasowa su rage dogaro da na ƙasashen waje.

A cikin wannan zagaye ne ya sauka a gidan Sarkin Abuja, ya ga randunan Ladi, suka kama masa zuciya. A 1951 ya zaɓi Abuja ta zama mazaunin cibiyar koyar da ginin tukwane, saboda akwai yumɓu da ruwa da itacen wuta, ga tashar jirgin ƙasa a Minna, ga kuma sarki mai maraba da aikin. Cibiyar ta fara aiki a 1952, kuma ɗalibanta na farko duk maza ne, daga sassa daban-daban na Arewa. Daga bisani wasu daga cikin waɗanda aka horar suka je suka riƙe ƙananan rassa a Kano da Sakkwato.

Mace ta farko a cibiyar

A watan Disambar 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ta zama mace ta farko a cikinta. Shekarunta sun kusa 30, kuma ta riga ta yi suna a sana'arta. Duk da haka ta yarda ta koma ɗaliba.

Abu na farko da ta koya shi ne keken gini, wato faifan da ake juyawa da ƙafa yayin da hannu ke sarrafa yumɓun. Wannan kishiyar abin da ta saba ne: a gida ita ke zagaya tukunya, a nan tukunya ce ke zagayawa ita tana zaune. Ta koyi haɗa yumɓu mai jure babbar wuta, da haɗa ruwan ƙyalli daga toka da garin dutse da farar ƙasa, da jera kaya a tanderun da ake hura wa itace dare da rana har zafinsa ya haura digiri 1,200. A irin wannan zafi yumɓu yakan haɗe ya zama kamar dutse, ruwan ƙyallin kuma ya narke ya zama gilashi a jikinsa.

Ba da jimawa ba ta ƙware. Ta riƙa juya kwanuka da farantai da kofuna da tuluna masu marfi, tana buga musu hatiminta mai haruffa biyu, LK, a gefen hatimin Abuja. Wajen ado sai ta koma ga abin da ta sani. Takan tsoma kwano a ruwan farar ƙasa ko jar ƙasa, ta bari ya sha iska, sannan ta ɗauki ƙayar beguwa ta karce zane har launin da ke ƙasa ya bayyana. Ta haka ƙadangaren Kwali ya hau farantin cin abinci irin na Turawa.

Abin da ta karɓa da abin da ta riƙe

Da Ladi ta tsaya a nan, da ta zama ɗaya daga cikin ƙwararrun ma'aikatan cibiyar, ba ƙari. Abin da ya bambanta ta shi ne ba ta saki randa ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu, tana zagaya su kamar yadda gwaggonta ta koya mata, da siffarsu ta asali da zanensu na asali. Sauyin da aka samu a kayan aiki ne: yumɓun ya zama mai jure babbar wuta, ana cusa farar ƙasa a cikin zanen domin ya fito sarai, a rufe jikin da ruwan ƙyalli mai haske wanda ake hango zanen ta cikinsa, sannan a gasa a tanderu.

Sakamakon ya zama wani abu da ba a taɓa gani ba a ko'ina. Siffa da zane na Gwari ne, wuta da ƙyalli kuwa sun samo asali ne daga Sin da Koriya da Japan, suka bi ta Ingila kafin su iso gindin Dutsen Zuma. Hanyoyi biyu masu nisa sun haɗu a hannun mace ɗaya, kuma babu wadda ta haɗiye 'yar uwarta.

Tasirin bai tsaya a ɓangare guda ba. Shi ma Cardew, wanda ya zo a matsayin malami, ya koma ɗalibi ta wata fuskar. Ya ɗauki siffar tukunyar miyar Gwari, mai faɗin ciki da kaifin kafaɗa, ya riƙa juya irinta a keke, har ta zama ɗaya daga cikin ayyukan da aka fi saninsa da su a Ingila, kuma da sunan Gwari ake kiranta har yau. Littafinsa mai suna Pioneer Pottery, wanda ya fito a 1969, ya ginu ne a kan darussan da ya koyar da kuma waɗanda ya koya a Afirka ta Yamma.

Ladi ba ta bar littafi ba. Ra'ayinta game da sana'a yana rubuce ne a jikin tukwanenta, kuma mai lura zai karanta abu uku. Na farko, ba ta ɗauki sabon ilimi a matsayin abokin gaba ba. Na biyu, ba ta ɗauki abin da ta gada a matsayin abin kunya da za a ɓoye idan baƙo ya zo ba. Na uku, ta yarda da maimaici: halittu kaɗan ne take zanawa, shekara da shekaru, amma kowace randa da yadda take raba mata fili, ta yadda babu biyu da suka zama ɗaya.

Randar da ta daina sanyaya ruwa

Sai dai wannan haɗi yana da farashi, kuma adalci ne a faɗe shi. Sirrin randar gargajiya shi ne jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, busarwar kuma ta janye zafi daga ruwan da ke ciki. Wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yi amfani da ita wajen yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, domin adana kayan miya ba tare da lantarki ba, aikin da ya samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Randar da aka gasa a babbar wuta aka rufe da ƙyalli ba ta tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Ga nauyi, ga tsada. Matar da ke Kwali ba za ta iya ɗaukarta zuwa rafi ba, ba za ta ma iya sayenta ba. Randar Ladi ta ƙaru da kyau da ƙarko, amma ta bar ɗakin girki ta koma falo da gidan tarihi.

Haka ma burin da aka kafa cibiyar dominsa bai cika yadda aka zata ba. Talaka ya ci gaba da sayen tukunyar ƙasa, mai ɗan hali ya karkata ga langa da fanteka da ake shigowa da su da araha. Masu sayen tangaran ɗin Abuja suka zama galibi Turawa da manyan ma'aikata da masu tara kayan fasaha a ƙetare. Masana na ci gaba da muhawara a kan wannan: wasu na ganin an raba sana'ar da mutanenta, wasu kuma na ganin ba don haka ba da sunan Ladi ya ɓace kamar yadda na dubban gwanayen mata ya ɓace, domin tukunyar ƙasa ba ta ɗauke da sa hannu, kuma ƙarshenta fashewa.

Daga Abuja zuwa Landan da Amurka

An nuna kayan Abuja a zauren baje koli na Berkeley da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, kuma randunan Ladi ne suka fi ɗaukar hankali. An kuma baje ayyukanta a bukukuwan samun 'yancin kan Najeriya a 1960. A farkon shekarun 1960 ta je Turai da kanta, ta yi gini a gaban jama'a a makarantun fasaha na Ingila da kuma wurin aikin Cardew da ke Wenford Bridge, ta kuma je Faransa da Jamus. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da Kofi Athey, wani magini ɗan Gana da ya daɗe yana aiki a Abuja.

A duk inda ta je, abin da ke jan jama'a shi ne ganin ta tana gini. Ɗalibai da malaman jami'a da suka saba da keke da injuna sukan zuba ido su ga mace da ɗaurin zane da kallabi ta ɗora curin yumɓu, ta fara zagaya shi, cikin ɗan lokaci randa ta miƙe a gabansu. Bambancin harshe bai hana su fahimta ba, domin aikin hannu ba ya buƙatar tafinta.

Girmamawa ta biyo baya. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE a farkon shekarun 1960. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dokta, abin da ya zama shaida cewa ilimi bai taƙaita ga allo da takarda ba. A 1980 ta samu lambar NNOM, wadda ita ce mafi girma da Najeriya ke bayarwa a fagen ilimi da fasaha, a 1981 kuma aka ƙara mata da OON.

Waɗanda suka bi sawunta

Shigar Ladi cibiyar ta buɗe ƙofa ga wasu mata. Bayanta Halima Audu ta zo, sai Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, dukkansu gwanaye a ginin hannu. Sun samu ɗakin aiki nasu inda suke gina randuna, kuma kayansu sun taimaka ƙwarai wajen riƙe sunan cibiyar bayan Cardew ya yi ritaya a 1965 ya miƙa ragama ga Michael O'Brien.

Tasirinta ya tsallake iyakar Najeriya. A 1974 wata matashiya 'yar Kenya da ke karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja bisa shawarar Cardew, ta zauna tana koyon ginin hannu a wurin Ladi da abokan aikinta. A yau Odundo tana cikin mashahuran masu aikin yumɓu a duniya, kuma ta sha bayyana cewa zamanta a Abuja ya yi tasiri mai zurfi a kan aikinta. A cikin gida kuwa, wuraren yin tangaran da suka taso a Minna da Bwari da Maraba kusa da Kaduna duk suna da jijiya a cibiyar Abuja.

Rasuwarta da abin da ya biyo baya

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja domin girmama Sarki Sulaimanu Barau, garin Kwali kuma ya faɗa cikin yankin tarayya. Wani ikon Allah, mutumin da ya sa hannu a wannan doka da matar da ta fito daga wannan ƙasa su ne suka haɗu daga baya a fuska biyu na takardar kuɗi guda.

Cardew ya rasu a 1983. Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga Agustan 1984, tana da kimanin shekara 59. An sanya wa cibiyar Suleja sunanta, haka ma wani titi da wani babban zauren taro a Abuja. Ayyukanta suna gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, da gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian a Washinton, da Jami'ar Aberystwyth a yankin Wales. A 2022 an yi wani baje koli a Landan mai suna Body Vessel Clay wanda ya sanya ta a matsayin tushen da wasu mata baƙar fata masu aikin yumɓu suka tsiro daga gare shi, kuma a ranar 16 ga Maris na wannan shekara kamfanin Google ya karrama ta a shafinsa na farko. Randunanta kan ci dubban fam na Ingila a kasuwannin gwanjo.

A gida kuwa labarin ya sha bamban. Jaridu sun sha kawo rahoton halin rashin kulawa da cibiyar Suleja ta shiga. Roba da jarka da tukunyar ƙarfe sun kori tulu da kasko daga gidaje da yawa, ruwan leda da firji sun rage wa randa daraja a birane, 'yan mata kuma ba su cika sha'awar gadon sana'ar ba saboda wahalarta ta fi ribarta. Duk da haka ba ta mutu ba. Matan Ushafa, ƙauyen da Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000, suna nan suna gini. A kasuwannin ƙauye daga Katsina har Damagaram ana ci gaba da kasa randuna da tuluna, kuma duk lokacin da bazara ta yi tsanani wuta ta ɗauke, masu firji ma sukan tuna da su.

Abin da ya ɗaukaka Ladi Kwali bai fi abu uku ba: gwaggon da ta koya mata, sarkin da ya ga darajar aikinta ya ajiye shi inda baƙo zai gani, da cibiyar da ta ba ta wurin aiki da kasuwa ba tare da ta tilasta mata barin salonta ba. Gwanaye irinta ba su ƙare a ƙauyukan Arewa ba, a ginin tukwane da saƙa da jima da ƙira. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu sarauta da masu kuɗi da hukumomin da za su saya, su adana, su kuma rubuta sunan mai aikin tun yana da rai.